Tun Da Baƙin Bangi Suka Sauka: Yadda Unguwanninmu Suka Sauya

Duk wanda ya san garin Garwa-Bulai kafin shekarar 2014, idan ya koma yau sai ya nemi ɗan jagora. Inda a da ake noman rogo a bayan gari yanzu gidaje ne, na bulon ƙasa da na zana, iya ganin mutum. Kasuwa ta tumbatsa har ta ci bakin titi, masallatan da a da sahu uku ke isar su yanzu sai an shimfiɗa tabarmi a waje, sannan a bakin famfo mutum zai ji mata suna gardama da Sango kamar yana tsakiyar Bangi. Abin da ya sami Garwa-Bulai shi ya sami Maiganga da Manju da Baturi da Kenzu, har ma ɓurɓushinsa ya iso Birkitiri a Yawunde da New Bell a Duwala.

Dalilin wannan sauyi kuwa kowa ya san shi, wato 'yan gudun hijirar da suka kwararo daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Maganarsu ba ta ƙarewa a majalisunmu. Wani ya ce su suka tayar da kuɗin haya, wani ya ce su suka raya kasuwa, wani ya ce tun zuwansu ba a barci da ido biyu. A wannan wata mun ga ya dace mu zauna mu warware wannan zance, saboda mu Hausawan Kamaru abin ya shafe mu ta fuskar da ba ta shafi sauran maƙwabtanmu ba.

Yadda suka zo

Ba a rana ɗaya suka zo ba. Rukunin farko ya fara shigowa ne tun wajen 2003 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, yawancinsu Fulani Bororo masu shanu, waɗanda 'yan fashin daji da ake kira zaragina suka hana sakat, suna sace musu yara suna neman fansa har garke ya ƙare. Waɗannan sun bazu cikin ƙauyukan Jihar Gabas da Adamawa ba tare da an kafa musu sansani ba.

Babbar ambaliyar ita ce ta 2014. A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangi, suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. Ɓarnar da mayaƙansu suka yi wa jama'a ta haifar da ƙungiyoyin da ake kira anti-balaka, waɗanda suka afka wa Bangi ranar 5 ga Disamba 2013. Da Djotodia ya sauka a Janairun 2014, Seleka suka ja da baya, sai aka bar Musulmin yammacin ƙasar ba mai kare su, aka ɗora musu laifin da ba su suka aikata ba. Daga unguwar PK5 ta Bangi, da Buwar, da Karno, da Berberati, da Boda, mutane suka yi ta hawa manyan motoci, sojojin Tarayyar Afirka na rakiya, har zuwa kan iyaka a Garwa-Bulai. Waɗanda ba su sami mota ba suka bi daji da ƙafa, wasu makonni da yawa, suka ɓullo ta Gbiti da Kenzu ƙafafu a kumbure, yara fata da ƙashi. A cikin wannan shekara kaɗai mutum sama da 100,000 suka tsallako.

Rukuni na uku ya biyo bayan rikicin zaɓen Disamban 2020, lokacin da 'yan tawaye suka toshe hanyar Duwala zuwa Bangi, manyan motocin kaya sama da 1,000 suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai. Zuwa 2022 hukumar HCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafin 'yan Afirka ta Tsakiya sama da 300,000 a Kamaru.

An kafa sansanoni, kamar Gado-Badzere da Lolo da Mbile da Timangolo a Jihar Gabas, da Borgop da Ngam a Adamawa. To, amma abin da mutanen birni ba su cika sani ba shi ne, wajen kashi 70 cikin 100 na waɗannan bayin Allah ba a sansani suke ba. A cikin gari suke, a cikin ƙauye, kuma da yake akasarinsu Musulmi ne, inda suka ji kiran salla nan suka nufa. Ke nan nauyinsu a kan unguwannin Hausawa da Fulani ya fara sauka.

Kwanakin farko

Gaskiya ɗaya ce, a kwanakin farko mutanenmu sun fita kunya. An buɗe zauruka, an buɗe makarantun allo, an kwashe kaya daga ɗakunan ajiya an shimfiɗa tabarmi. Mata suka ƙara hannu a tukunya, limamai suka yi ta yekuwa bayan kowace salla, 'yan kasuwa suka ba da buhunan shinkafa da garin rogo tun kafin motar wata ƙungiyar agaji ta iso. Lamidai da jaurori da sarakunan Baya, waɗanda su ne masu ƙasa a yankin, suka yanka filaye suka bayar.

Abin da ya sa haka ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga cikin masu gudun ba bare ba ne a wurinmu. Akwai Hausawa a cikinsu waɗanda kakanninsu suka bi hanyar fatauci daga Gaundare da Banyo da Tibati suka gangara har Karno da Berberati, suka zauna suna cinikin shanu da goro, daga baya kuma lu'ulu'u da zinariya. Akwai wanda ya sauka a gidan ƙanen mahaifinsa da bai taɓa gani ba, akwai wadda ta sauka a gidan tsohon abokin cinikin mijinta. Hausawa suka ce baƙonka annabinka, kuma a wancan lokaci an riƙe wannan magana da gaske.

Sai dai kuma Hausawan nan su suka ce baƙo raɓa ne, yana kwana ya tashi. Kowa ya ɗauka wata uku ne ko shida. Da aka shekara, aka shekara biyu, aka kai biyar, sai zaman ya koma wani abu daban, ƙorafi ya fara fitowa.

Haya, ruwa da itace

Ƙorafi na farko shi ne na ɗaki. Gari ya cika, ɗaki bai ƙaru ba, saboda haka haya ta tashi. Bugu da ƙari, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka biyo bayan baƙin da manyan motocinsu farare sun kama gidaje masu kyau a kan kuɗin da ɗan gari ba zai iya biya ba. Mai gida ya ji daɗi. Saurayin da ke tara kuɗin aure, da ƙaramin ma'aikaci, da bazawara mai 'ya'ya, su suka ji a jikinsu. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin sau da yawa mai zagin baƙi da mai cin ribarsu 'yan gida ɗaya ne. Uba yana karɓar haya daga iyali huɗu a bayan gida, ɗansa yana majalisa yana cewa baƙi sun hana shi samun ɗaki.

Na biyu shi ne ruwa. Famfon da aka haƙa don mutum ɗari biyu ko uku idan ya koma yana shayar da ninkin haka, dole layi ya yi tsawo, dole ya riƙa lalacewa, dole a yi rigima a kan wa zai biya kuɗin gyara. Mata da yara ne ke wannan layi, kuma yawancin saɓanin da ke kaiwa gaban mai unguwa daga bakin famfo yake tasowa.

Na uku itace. Kowane gida sai ya hura wuta sau biyu a rana, kuma ga wanda ba shi da jari, sayar da itace da gawayi ita ce sana'a mafi kusa. Dajin da ke bakin gari ya yi ta ja da baya, inda a da mace za ta je ta dawo kafin hantsi yanzu sai ta wuni. A nan ne ake yawan samun faɗa da masu gonaki, a nan ne kuma ake cin zarafin mata. Haka nan batun shanu da rogo. Waɗanda suka tsira da ragowar dabbobinsu sun shigo da su yankin da burtali ya riga ya ƙuntata, shanu suka shiga gonar Baya, aka sari saniya, aka kai ƙara wurin jandarma, kowane ɓangare ya yi asarar kuɗi.

A makarantar boko kuwa aji ɗaya sai ya ɗauki yara fiye da ɗari, malami ɗaya. Hatta maƙabarta sai da aka nemi ƙarin fili a wasu garuruwan.

Kasuwa: riba da kishi

Idan aka juyo ta fuskar kasuwa, labarin ya kasu biyu. Mutanen da suka fito daga PK5 da Karno ba 'yan koyo ba ne a harkar ciniki. Wasu sun iso da ɗan abin da suka ɓoye a ɗamara, wasu da hannu biyu, amma da sanin hanya da sanin mutane. Cikin 'yan shekaru sai ga su da tebur, sai ga shago, sai ga su suna aika kaya Buwar da Bangi ta hannun danginsu da suka rage. Mahauta sun ƙaru, teloli sun ƙaru, masu shayi da masu gasa nama sun cika tasha. Ƙauyukan da a da ba su da ranar kasuwa yanzu suna da ita. Babban ɗan kasuwa mai sayar da buhu-buhu bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba.

Amma wanda yake dogara da ƙarfinsa, shi kam ya sha wuya. Mutumin da 'ya'yansa suka kwana da yunwa zai karɓi rabin lada ya yi aikin gini, ko dako, ko noman ƙodago, ko haƙar zinariya a ramukan Betare-Oya da Kambele. Mai ba da aiki ba zai ƙi araha ba. Lada ya faɗi ga kowa. Samarinmu masu haya da babur su ma sun ga fasinja ya rabu. Wannan kuka na gaskiya ne, kuma bai kamata a toshe bakin mai yin sa da wa'azi ba. Abin da kawai za mu tuna masa shi ne, wanda ya rage ladan shi ne mai biyan ladan, kuma sau da yawa shi ma namu ne, muna haɗuwa da shi a sahun gaba ranar Juma'a.

Sannan ga maganar agaji, wadda ta fi komai cin rai. Talakan gari yana tsaye yana kallon ana raba shinkafa da mai da gishiri ga maƙwabcinsa mai kati, shi kuwa da ya ba da tabarmarsa a 2014 ba a ko tambayi sunansa ba. A asibiti ma haka, an duba ɗan baƙo an ba shi magani, shi an ce ya kawo kuɗi. Masu agaji sun gane wannan kuskure daga baya, suka fara sanya 'yan gari cikin rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan shan magani da suke ginawa. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 274 ga Kamaru domin 'yan gudun hijira da garuruwan da suka karɓe su gaba ɗaya. Har ila yau ya kamata a sani cewa rabon abincin nan da ake kishi a kansa hukumar PAM ta sha zaftare shi, wani lokaci har rabi, an kuma cire gidaje da yawa daga jerin masu karɓa. A 2025 kuɗin agaji ya ƙara tsukewa bayan Amurka ta rage nata taimakon. Yawancin waɗanda ake gani a unguwa yau da guminsu suke ci.

Tsoro da takarda

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba, amma shi ne ke ƙarƙashin yawancin ƙyamar da wasunmu ke nunawa, wato tsoron kada a haɗa mu da su.

Rashin tsaro a kan iyaka ba ƙage ba ne. A Nuwamban 2013 masu bindiga daga tsallake sun kai hari Gbiti. A Maris na 2015 aka sace magajin garin Lagdo tare da wasu mutane a kusa da Garwa-Bulai, suka shafe fiye da shekara guda a hannun masu bindiga. Satar makiyaya don neman fansa ta addabi Adamawa shekara da shekaru. Kowane irin wannan abu ya faru, sai a ƙara shingaye a hanya, sai a ƙara kame a unguwa. Jami'in da ya zo daga kudu kuwa bai san bambancin Bahaushen Maiganga da Bahaushen Berberati ba. Riga ɗaya, hula ɗaya, suna ɗaya. Wanda kakansa ya haifu a nan sai a tsare shi ana juya katinsa ana masa tambayar da ba a yi wa na kusa da shi a mota.

'Yan'uwanmu na Arewa Mai Nisa sun ɗanɗani wannan fiye da mu. Tun da aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013 domin 'yan Nijeriya da suka guje wa Boko Haram, musamman bayan bama-baman Fotokol da Marwa a Yulin 2015, lokacin da har aka hana mata rufe fuska a jihar, duk mai jin Hausa ko Barbarci ya zama abin tuhuma. A 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa an mayar da 'yan Nijeriya aƙalla 100,000 ƙasarsu da ƙarfi, zargin da gwamnati ta musanta.

Saboda haka sai wasunmu suka ga mafita ita ce su nesanta kansu, su fi kowa ɗaga murya a kan baƙi don a san su 'yan ƙasa ne. Mu a ganinmu wannan dabara ba ta ɓullewa. Wanda bai iya bambance mu da su ba a bakin shinge, ba zai koya ba don ya ji mun zage su. Abin da ke kare mutum shi ne takarda. Gidaje nawa ne a unguwanninmu da yara suka kai aji shida ba su da takardar haihuwa, sai lokacin jarrabawa a fara gudun kotu ana neman hukuncin da zai maye gurbinta? Wannan sakaci namu ne, ya girmi zuwan baƙi.

Su ma baƙin doka ta san da zamansu. Dokar 27 ga Yuli 2005 kan matsayin 'yan gudun hijira ta ba su damar yin aiki, da karatu, da mallakar dukiya, da zirga-zirga, da yin addininsu, ta kuma hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. A 2022 gwamnati ta fara ba wasunsu katin shaida nata na kanta, bayan shekarun da suka yi da takardar HCR wadda ba kowane jami'i ke girmamawa ba. Idan kowa yana da takardarsa ta gaskiya, mai laifi ne kaɗai zai rasa wurin ɓuya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ba a zubar da buhu saboda shi.

Mu ma an taɓa saukar da mu

Ya kamata mu tuna asalin unguwannin da muke tinƙaho da su. Kakanninmu fatake ne da malamai da mahauta da suka shigo ƙasar nan tun ƙarni na 19, zamanin daular Adamawa, suka bi goro da hauren giwa da ɗanko har kurmi. Kowane zango da suka kafa, wani sarki ne ya nuna musu fili. A Yawunde sai da aka tashe su daga wuri zuwa wuri kafin su tabbata a Birkitiri. New Bell kuwa unguwar baƙi ce tun asalinta. Tsarin zango kansa a kan saukar baƙo aka gina shi: fatoma ya ba ka ɗaki, ya tsaya maka a ciniki, ya san inda ka fito, ya amsa sunanka a gaban hukuma. Wannan tsari ne ya sa Bahaushe ya iya zama ko'ina.

Ba kuma yau ƙasar nan ta fara ganin irin wannan ba. A 1980, da yaƙi ya ɓarke a Njamena, mutum sama da 100,000 suka haye kogi zuwa Kuseri, haka aka sake a Fabrairun 2008. Dattawan Kuseri za su shaida cewa an yi kukan tsada, an yi kukan sata, daga baya yawancinsu suka koma, wasu suka zauna suka zama 'yan gari. Malamanmu kuma kullum suna karanta mana labarin hijirar Habasha da ta Madina, da yabon da Allah Ya yi wa mutanen Madina a cikin Suratul Hashri. Ba don a yi kuka a wurin tafsiri kaɗai ake karanta shi ba.

Tafiya ko zama

A Yunin 2019 Kamaru da Afirka ta Tsakiya da HCR suka sa hannu a yarjejeniyar mayar da masu son komawa, aka fara kwasar su a Oktoban wannan shekara. A Afrilun 2022 kuma ƙasashen yankin suka taru a Yawunde suka fitar da sanarwa kan hanyoyin warware matsalar. Dubbai sun koma. Amma kada mu yaudari kanmu, da yawa ba za su koma ba. Wani an mamaye gidansa a Boda, wani bai da kowa a Buwar sai kaburbura. Yaron da aka goyo a 2014 yanzu ya tasa, Fillanci da Hausa da Faransanci yake ji, bai san wata ƙasa ba sai wannan. An yi auratayya, an haifi jikoki. Wanda kake kira baƙo yau, gobe surukinka ne.

Tun da haka ne, abin da ya rage shi ne a gyara zaman. Masu unguwanni su san kowane gida da wanda ke cikinsa, kamar yadda fatoma ke yi a da. A sa baƙi cikin kwamitin famfo da na masallaci da na makaranta, su biya nasu kason su kuma faɗi nasu ra'ayin, domin wanda ya sa kuɗinsa a famfo ba ya barin a karya shi. Ƙungiyoyin mahauta da teloli da masu babura su shigar da su, a tsayar da lada guda, kada a bar mai kuɗi yana gwara kan talakawa biyu. Masu gidaje su ji tsoron Allah a kan haya. Rigimar gona da shanu a kai ta gaban sarakuna da ardo-ardo tun tana ƙarama. Kowane uba kuma, ɗan gari ko baƙo, ya karɓar wa jaririnsa takardar haihuwa kafin a yanka ragon suna ko jim kaɗan bayansa. Wakilanmu a majalisun gundumomi su ma su buɗe baki, su tambayi inda kuɗin da aka ba da da sunan garuruwanmu ya shiga.

Mutanen PK5 su ma suna da shaguna da gidajen bene da katin ɗan ƙasa, kuma har zuwa 2013 ba wanda ya yi mafarkin zai kwana a zauren wani. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, Ya zaunar da tamu, Ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.